TSINTSIYA A KAN ITACE: WACCE ZA A SARE, WACCE ZA A RAYA?

Idan kana zagaya gonarka a Dallol Boso, ka riƙa ɗaga kai kana duban gawo da magarya. Wani lokaci za ka hangi reshe ya yi cunkus wuri guda, kamar an rataye tsintsiya. Kada ka yi gaggawar ɗaukar gatari, kada kuma ka yi gaggawar yanko shi ka kai garka. Kama da wane ba wane ba ne. Abin iri uku ne.

Na farko, kauci. Ganyensa dabam yake da na itacen da ya hau, furensa dogaye ne masu ja. Tsuntsaye ne ke shan ƴaƴansa, su bar ƙwayar manne a reshe. Can take tsira, tana shan ruwan itacen har reshen ya bushe. Maganinsa a yanke reshen daga ƙasan inda ya kama. Amma gawo itace ne da doka ta kare. Ka sanar da ma'aikacin gandun daji na Filinge kafin ka taɓa shi.

Na biyu, cuta. Ganyen na itacen ne, sai dai ƙanana ne, sun yi fari fat ko rawaya. Tsintsiyar ba ta tsayawa a reshe guda, bana ɗaya, baɗi biyar. Ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ne ke ɗaukar cutar daga wannan itace zuwa wancan. Irinta ta bayyana a itatuwan lemun tsami na ƙasar Oman wajen shekarun 1970, ta kashe masu yawan gaske, daga baya ta shiga Iran. Idan ka ga haka a garkarka, yanke ka ƙone. Wanda ya ɗauki reshe daga nan, da hannunsa ya shuka cuta.

Na uku, halitta ce ta sāke a ido guda na reshe. Ganyen kore ne shar, tsintsiyar guda ce tak, ta shekara da shekaru, sauran itacen lafiya lau. A ƙasashen sanyi, kamar Holan da Amurka, masu garka suna shiga daji neman irin wannan a kan itatuwansu masu ganye kamar allura. Suna kiranta tsintsiyar mayya. Sukan yanko ta, su aura ta a kan ƙaramin itace ɗan'uwanta, su sami gajeren itace na ado, su sayar.

Mu nan ba ado muke nema ba, abinci muke nema. Amma dabarar ɗaya ce. Idan ka san wata magarya, ko reshe guda, mai manyan ƴaƴa masu zaƙi, ɗaura mata ƙyalle don shaida. Kada ka dogara ga ƙwallonta, don ɗa ba kullum yake gadon uwa ba. Reshe shi ne ba ya ƙarya. Ta wannan hanya cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa magaryar Indiya mai manyan ƴaƴa, wadda ake aurawa a kan tamu ta gida.

Ga yadda ake auren:

1. Da sassafe ka yanko lafiyayyen reshe mai kaurin fensir, mai ido uku ko huɗu. Cire ganyen, nannaɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma.
2. Nemi ƙaramar magarya mai kauri daidai da shi. Yanke kanta, ka tsaga ta tsawon gaɓar yatsa.
3. Feƙe gindin reshen gefe biyu da wuƙa mai kaifi, mai tsabta. Cusa shi a tsagar, ɓawo ya haɗu da ɓawo.
4. Ɗaure tam da leda, kada iska ko ruwa su shiga.
5. Bayan mako uku ko huɗu, idan ido ya tofo, aure ya kama. Duk tohon da ya fito ƙasan ɗaurin, cire shi.
6. Yi shingen ƙaya, domin akuya ba ta san wahalarka ba.

Ka aura goma, kada ka tsaya kan ɗaya, don ba duka ke kamawa ba. Ka rubuta ranar a littafinka, da wurin da ka samo reshen. Ranar kasuwa kuma ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda. Allah ya ba mu damina mai albarka.