Ciwon suga: Yadda ƙaya ɗaya ke iya jawo yanke ƙafa

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Kunchi, manomi kan yini a gona da silifa ko ba takalmi. Ga mai ciwon suga, haɗari ne babba: cutar na kashe jijiyoyin ƙafa, ƙaya ta soke shi bai ji ba, raunin ya ruɓe. Kafin a kai shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wani lokacin sai dai yankewa.

Likitoci na ba da shawarar duba tafin ƙafa kullum, kuma lokacin alwala dama ce. A tsane tsakanin yatsu, a shafa mai kan faso, a zazzage takalmi kafin sawa, a nisanta ƙafa daga wuta wajen jin ɗumi. Rauni komai ƙanƙantarsa, a garzaya asibiti, kada a tsaya barbaɗa toka.