Shekara 27 a Majalisar Wakilai: Ta wace ƙofa Ibrahim Bello ya shiga?



Tun da aka rantsar da Majalisar Tarayya ta goma ranar 13 ga Yunin 2023, hira ɗaya ake ta yi a majalisar shayi da nake zama, hirar wakilinmu na mazaɓar Birnin Kebbi, Kalgo da Bunza, wato Ibrahim Mohammed Bello, wanda ya ci zaɓe a jam'iyyar PDP yana da shekara 27. Wasu abokaina na cewa lokacin matasa ya zo, wasu kuma na cewa ai gado ne kawai. To, bari mu bi maganar daki-daki.

Mu fara da gidansu. Mahaifinsa shi ne Dakta Bello Haliru Mohammed, likitan dabbobi, wanda ya taɓa shugabantar hukumar kwastan ta ƙasa. Ya yi ministan sadarwa a zamanin Obasanjo, ya riƙe shugabancin PDP na ƙasa na wucin gadi a 2011, daga nan ya zama ministan tsaro a gwamnatin Jonathan. Ka ga ke nan Ibrahim ya tashi ne yana ganin 'yan siyasa na shiga suna fita a ƙofar gidansu.

Amma fa da farko takarar ba tasa ba ce. Yayansa, Barista Abba Bello, shi PDP ta tsayar. Allah Ya yi masa rasuwa a watan Janairun 2023, saura makonni a yi zaɓe. Allah Ya jiƙansa da rahama. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce ba a canza ɗan takara sai in ya rasu ko ya janye da kansa, kuma jam'iyya za ta sake zaɓen fidda gwani cikin kwana 14. Ta wannan hanya tikitin ya faɗo hannun ƙanin.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ke mantawa. Da a 2015 hakan ta faru, Ibrahim ba zai iya tsayawa ba ko da shekarunsa 27, domin a lokacin sai mai shekara 30 ke neman kujerar wakili. Gyaran tsarin mulkin da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, bayan fafutukar ƙungiyoyin matasa, shi ya rage shekarun zuwa 25, ya kuma rage na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Kujerar sanata dai tana nan a 35.

Sannan akwai iskar da ta kaɗa a Kebbi ta Tsakiya ranar 25 ga Fabrairu. A ranar ce Sanata Adamu Aliero, da ya koma PDP, ya kayar da gwamna mai ci, Atiku Bagudu. In gwamna ya sha ƙasa a yankinsa, to ɗan takarar wakili na jam'iyyar adawa ya samu inuwa. Haɗa da tausayin rashin da gidan ya yi, sai lissafi ya fito.

To wa ya fi gaskiya a cikin abokan nawa? Ni dai a ganina kowa ya riƙe ɓangare guda. Doka ta buɗe wa matasa ƙofa, wannan babu musu. Sai dai kuɗin shiga bai sauka ba. A 2022, fom ɗin takarar wakili naira miliyan 10 ne a APC, miliyan 2.5 a PDP, duk da rangwamen da aka yi wa matasa. Ba a ma zo kan motoci, fastoci da wakilan rumfa ba. Ɗan manomin shinkafa daga fadamar Rima, komai iliminsa, daga ina zai fara?

Duk da haka, ban yarda a yanke wa mutum hukunci da sunan gidansu ba. Kujera ɗaya ce cikin 360, kuma aikinta a bayyane yake: yin doka, tantance kasafin kuɗi, da sa ido kan ma'aikatun tarayya. Nan za mu auna shi. Mun ga yadda ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a wannan jiha. In ruwa ya sake zuwa, za mu ji muryarsa a zauren? Zai bi diddigin kuɗin da ake warewa manoma har su iso Kalgo da Bunza? Zai riƙa dawowa gida ya zauna da mu, ko sai kakar zaɓe?

Mu ma da namu laifin. In ya zo muka tare shi da roƙon kuɗin suna da na biki, kada mu yi kuka in ya ɗauka aikinsa ke nan. Kuma ku sani, in ya gaza, dattawa za su ce ai mun faɗa muku yara ba za su iya ba, sai abin ya shafi duk matashin da zai fito bayansa.

Ku rubuto mana a ƙasa, wane abu guda kuke so wakilinmu ya fara kaiwa gaban majalisa?