Tabar Lantarki da Lafiyar Huhu

Ɗalibi, wataƙila ka taɓa ganin wani saurayi a cikin garin Bauchi riƙe da ɗan ƙaramin abu mai kama da alƙalami, yana zuƙa yana fesar da farin tururi mai ƙamshin lemo. Wannan abu shi ake kira tabar lantarki. Wani masanin magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin wadda ake sayarwa yanzu, a shekarar 2003. Ba a kunna mata wuta. Batir ne yake ɗumama ruwan da ke cikinta har ya zama tururi. Shi ya sa wasu suke zaton tururin ruwa ne kawai, alhali kuwa ba haka ba ne.

Ka sani cewa a cikin huhunka akwai miliyoyin ƙananan jakunkunan iska masu laushi ƙwarai. Ta cikinsu iska mai kyau take shiga jini. Duk abin da aka zuba a tabar lantarki, can yake ƙarewa, kuma kowanne da irin illarsa.

Na farko shi ne nikotin, sinadarin da ke cikin ganyen taba. Shi ne yake sa mutum ya kasa dainawa. Ruwan da ake haɗa shi da shi kuma, idan ya yi zafi sosai, yana fitar da guba mai jawo tari da ƙaiƙayin maƙogwaro, yana kuma tayar da asma.

Na biyu shi ne kayan ƙamshi. Abin da ciki ya karɓa lafiya, ba lalle ne huhu ya karɓa ba. A shekarar 2000, an gano cewa wasu ma'aikatan masana'antar gugguru a jihar Misuri ta Amurka sun kamu da cutar da ke toshe ƙananan hanyoyin iska, saboda shaƙar sinadarin da ke ba gugguru ƙamshin man shanu. Daga baya an sami wannan sinadari a wasu ruwayen tabar lantarki.

Na uku shi ne man tabar wiwi. A shekarar 2019, wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka. Zuwa watan Fabrairu na 2020, an kwantar da mutum 2,807 a asibiti, 68 sun rasu. Yawancinsu sun zuƙi man wiwi, kuma bincike ya ɗora laifin a kan wani mai na bitamin E da ake gauraya shi da shi.

A Najeriya, dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba. Ƙurar hunturu kaɗai ta ishi huhunka aiki, kada ka ƙara masa wani nauyi. Idan kana da aboki mai zuƙar wannan taba, kuma ya fara tari ko numfashi da ƙyar, ka ba shi shawara ya ga likita, ko a asibitin unguwa ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.