Jigon Wariyar Launin Fata a Ƙagaggun Labaran Binciken Laifi

Gabatarwa

Ƙagaggen labarin binciken laifi shi ne wanda aka gina a kan wani mummunan aiki, galibi kisan kai, sannan a bi sawun mai bincike har ya gano wanda ya aikata shi. A Amurka, wasu marubuta sun yi amfani da wannan nau'i wajen fito da wariyar launin fata a ƙananan garuruwan kudancin ƙasar.

Muhimmancin Wuri

A ƙaramin gari kowa ya san kowa. Ɗan sanda maƙwabci ne ko suruki ga waɗanda zai bincika, kuma a yawancin gundumomin Amurka da ƙuri'a ake zaɓen shugaban 'yan sandan gunduma. Saboda haka, idan zargi ya doshi gidan manya, akan karkatar da shi kan baƙo ko baƙar fata.

Misalai

A 1965, shekara guda bayan dokar da ta haramta wariya a wuraren taruwar jama'a, John Ball ya wallafa In the Heat of the Night. A labarin, an tsinci gawa a kan titi a garin Wells. Ɗan sanda Sam Wood ya tarar da wani baƙar fata a tashar jirgin ƙasa cikin dare, da kuɗi a aljihunsa, sai ya kama shi. Ashe mutumin, Virgil Tibbs, ƙwararren mai binciken kisan kai ne daga jihar Kalifoniya. Daga ƙarshe, shugaban 'yan sandan garin, Bill Gillespie, ya dogara da basirar wanda ya rena. An mayar da littafin fim a 1967.

A 2017 kuwa, Attica Locke ta fitar da Bluebird, Bluebird. Tauraronta, Darren Mathews, jami'in tsaro ne baƙar fata, haifaffen gabashin jihar Tekzas, wanda ya binciki mutuwar wani lauya baƙar fata da wata Baturiya a ƙauyen Lark. Shi ba baƙo ba ne. Ƙasarsa ce, amma kakinsa bai kare shi daga reni ba.

Kammalawa

Wajen koyar da irin waɗannan labarai, bai wadatar malami ya tsaya a kan wanda ya yi kisan ba. Ya ja hankalin ɗalibai ga wanda aka fara zarga da dalilin zarginsa, domin a nan babban jigo yake.

Auna Fahimta

1. Wace hujja Sam Wood ya riƙa wajen kama Virgil Tibbs?
2. Kwatanta matsayin Tibbs da na Mathews a garuruwan da suka yi bincike.