Murjani Mai Rai da Kifayen da ke Iya Zama da Shi

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani, amma a wuyan mata ya san shi. Kalmar daga Larabci aka aro ta, jan murjanin kuwa fatake ne suka riƙa ƙetaro Hamada da shi daga Bahar Rum. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wasu ƙananan dabbobin teku ne ke gina shi don ya zame musu gida.

To, mutumin Kakuri da ya so kiwon murjani cikin babban akwatin gilashi, sai ya fara cire na adon nan daga ransa, domin shi a ruwa mai sanyi da duhu yake rayuwa. Na kiwo daga tekuna masu ɗumi ake samo shi, irin su Bahar Maliya, kuma galibi da haske yake rayuwa, saboda wani ɗan tsiro da ke jikinsa yana ciyar da shi. Mai taushin jiki ya fi juriya, da shi ya kamata a soma. Ruwa kuwa sai an tace an zuba gishirin teku, kimanin giram 35 a kowace lita, zafinsa kada ya wuce digiri 27. Nan ne gizo ke saƙa, domin a bazarar Kaduna, in wuta ta ɗauke ruwan ya ɗau zafi, murjani koɗewa yake yi ya mutu.

Kifi daga baya ake zaɓensa. Tarwaɗa da giwan ruwa na Kogin Kaduna ba su jure gishiri. Cikin na teku ma, mai bakin aku gwaguyar murjani yake yi, gara ƙananan masu kiwon gansakuka, su ma kaɗan-kaɗan ake sakinsu.