Dajin da yake da ratsi kamar dabba

Mutumin da ya shiga jirgin sama daga Yamai, in ya leƙa ƙasa, zai ga abin mamaki bisa tuddai. Dajin wurin ba a haɗe yake ba. Ga jerin itatuwa baƙi ƙirin, ga fako fari fat, ga wani jerin itatuwan kuma, haka har iyakar ganin ido. Ba wanda ya shuka su, ba wanda ya ja musu igiya. A shekarar 1956 wani Bafaranshe mai suna Clos-Arceduc ya yi bayaninsu bayan ya duba hotunan da aka ɗauka daga sama. Da Faransanci ana kwatanta dajin da fatar damisar Asiya mai ratsi-ratsi.

Me ya jera itatuwan haka?

Amsar ta faro daga Ingila. A shekarar 1952 wani masanin lissafi, Alan Turin, ya yi tambaya: yaya ƙwai, wanda ko'ina nasa kamar ɗaya ne, yake zama dabba mai ɗigo ko mai ratsi? Kowa ya san in aka ɗiga shuni cikin ƙwaryar ruwa, bazuwa yake yi har ruwan ya zama kala ɗaya. Bazuwa shafe zane take yi. Amma Turin ya nuna da alƙalami cewa in sinadarai biyu ne suke aiki da juna, kuma ɗaya ya fi ɗaya saurin bazuwa, to zane zai iya fitowa da kansa.

Masanan da suka biyo bayansa sun bayyana abin haka. Sinadari na farko shi ne mai sa kala. Yana ƙara kansa a inda yake, amma tafiyarsa ta hawainiya ce. Na biyu shi ne mai hanawa. Na farkon ne yake haifar da shi, sai dai shi da gudu yake bazuwa. A tsakiya mai sa kala ya fi ƙarfi, sai ɗigo ya fito. A kewaye mai hanawa ya riga shi isa, sai wurin ya zauna fili. Can nesa, inda ƙarfin mai hanawa ya ƙare, sai wani ɗigon ya tashi. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo take kusan daidai.

Lissafin ya faɗi har abin da zai faru a wutsiya. Wuri siriri ba ya ɗaukar ɗigo da yawa, sai su haɗe su zama zobba. A dubi inyawara: jikinta roɗi-roɗi, wutsiyarta zobe-zobe.

Turin ya rasu a 1954, bai ga tabbacin maganarsa ba. Sai a 1990 masana a birnin Bordo na Faransa suka haɗa wasu sinadarai, ɗigo suka jeru da kansu. A 1995 kuma wasu masana na Japan suka ga wani kifin teku yana ƙara sabbin ratsi yayin da yake girma, kamar yadda lissafi ya nuna.

A dajin tuddai, ruwa ne da itace suke wannan wasa. Ƙasar tana da ɗan gangare wanda ido ba ya gani: a yi tafiyar mita 100, ba a sauka fiye da mita 1 ba. Fako ba ya shan ruwa sosai, don bayansa ya yi ɓawo. Ruwan sama sai ya gangara har ya tarar da geza da sabara. A gindinsu akwai busasshen ganye da ramukan gara, nan ruwan yake nutsewa. Itace yana taimakon maƙwabcinsa na kusa, amma yana tare wa na gangare ruwa. Saboda haka bayan kowane jeri dole a samu fako.

A ƙaddara an yi ruwan milimita 500 a shekara, fako ya ninka jerin itatuwa sau 2 a faɗi, kuma rabin ruwansa yake gangarawa. Jerin zai samu 500, da 250 sau 2. Ke nan milimita 1000, kamar ruwan ƙasashen kudu. Ashe fakon da ake raina shi ne yake shayar da dajin.

A bakin jeri na sama, inda ruwa yake fara isa, ciyawa da ƙananan itatuwa suke tsirowa. A baki na ƙasa tsofaffin itatuwa suna bushewa. Da haka jerin yake hawa tudu sannu-sannu, ƙasa da mita 1 a shekara.

Da damina raƙuman dawa na Kure suna hawa waɗannan tuddai su yi kiwo. Daga can kuma ake saro itacen girki da yawa zuwa Yamai. In aka sare jeri ɗaya ƙaf, ruwa ba ya samun mai tare shi. Sai ya ƙara gudu, ya kwashe ƙasa, ya bar tsakuwa.