Tukunyar man birki: yadda ake cire ta a wanke

Kowa ya san yadda motar ƙauye take cika ranar kasuwa. Buhunan wake da albasa a ƙasa, awaki a gefe, mutane a bisa. Direba ya duba isansi, ya duba ruwa, ya bugi taya da ƙafa, sai a ce bismilla. Amma akwai wata ƴar tukunya da ake yawan mantawa da ita. Ita ce tukunyar man birki. In ta lalace, ran duk wanda ke cikin motar yana cikin haɗari.

Ina take, mene ne aikinta?

In an ɗaga murfin inji, za a gan ta ta wajen direba, kusa da gilashin gaba. Ta roba ce, fara, ba ta kai kwanon sha girma ba. Tana zaune bisa famfon birki. In direba ya taka birki, famfon ne ke tura man cikin siraran tiyo har zuwa ƙafafun mota huɗu. Man ya danna takalman birki, mota ta tsaya.

A jikin tukunyar akwai rubutu biyu: MAX a sama, MIN a ƙasa. Wajibi ne man ya tsaya tsakaninsu. A bisa marfinta kuma an rubuta irin man da ya dace da motar, DOT 3 ko DOT 4. A karanta kafin a saya.

Me ke ɓata man?

Sabon man birki garau yake, kamar tataccen man gyaɗa. Amma yana da hali guda: yana shan laimar iska, kamar yadda gishiri ke yi da damina. Ƙurar hunturu ma tana shiga in an buɗe marfi ba a goge ba. Robobin ciki kuma suna cinyewa a hankali. Sai man ya yi baƙi, laka ta kwanta a gindin tukunya.

Ruwan nan shi ne babban mugu. Birki yana zafi ƙwarai in yana aiki. Sabon man DOT 4 yana jure zafi har digiri 230 bai tafasa ba. In ya sha ruwa wajen kashi 4 cikin 100, yana iya tafasa tun wajen digiri 155. Ku tuna da gangaren duwatsun Adar, wajen Keita da Buza. Mota cike da kaya, direba yana ta taka birki. Man ya tafasa, ya zama tururi. Tururi kuwa ba ya danna komi. Direba ya taka har ƙasa, mota ta ƙi tsayawa.

Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a canza man kowace shekara 2. In kuma an ga laka, a cire tukunyar a wanke.

Yadda ake aikin

1. A tsai da mota a wuri mai daidai, inda ba ƙura. A kashe inji, a ja birkin hannu, a sa dutse a gindin taya.

2. A goge marfi da kewayensa tun ba a buɗe ba. A shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi, don man birki yana cin fenti.

3. A zuƙe tsohon man da sirinji mai tsabta, a zuba cikin kwalba. Kada a zuƙa da baki. Guba ne.

4. A cire ƴar wayar lantarki da ke jikin tukunyar. A zare ɗan ƙarfen da ya riƙe ta. A girgiza ta sannu sannu, a ja ta sama. Ban da ƙarfi: robar da ta daɗe cikin zafi tana saurin tsagewa.

5. Ramuka biyu za su bayyana bisa famfon. A rufe su da leda mai tsabta. Kada kowa ya taka birki a lokacin.

6. A zuba sabon man kaɗan cikin tukunyar, a toshe bakunanta, a girgiza, a zubar cikin kwalbar nan. A maimaita har man ya fito garau. A wanke ƴar rariyar da ke bakinta haka nan. In laka ta ƙi fita, a sa alkol mai ƙarfi, amma a bar tukunyar ta bushe sarai.

7. A duba robobi biyu da tukunyar ke zama a kansu. In sun tsage ko sun kumbura, a sa sababbi. A shafa musu sabon man, a danna tukunyar ta zauna daram. A mai da ƙarfen da wayar.

8. A cika da sabon man har MAX. A ɗebo shi daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba.

Abin da ba a yi

Kada a wanke tukunyar da isansi, ko gazuwal, ko kananzir. Kada man inji ya shiga, ko ɗigo guda. Waɗannan suna kumbura robobin birki, birki ya mutu. Kada a mai da tsohon man ciki don tsimin kuɗi. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko inda yara da bisashe ke kaiwa. In ya taɓa ido ko jiki, a wanke da ruwa mai yawa.

Aiki bai ƙare ba sai an fitar da iska

In an cire tukunya, iska na iya shiga cikin tiyo. Iska da tururi halinsu ɗaya. Fitar da ita aikin mutum biyu ne. Aparanti ya taka birki sau da yawa, ya riƙe. Makaniki ya kwance ɗan notin da ke bayan taya, man da kumfa su fito, ya ɗaure, sannan aparanti ya saki. Galibi ana farawa da tayar da ta fi nisa da famfon. A riƙa ƙara man, kada tukunya ta ƙafe. A ci gaba har man ya fito garau, ba kumfa. Wanda bai iya ba, ya kai wa makaniki. Ba abin kunya ba ne.

Bayan haka a taka birki a ji. Ya kamata ya yi tauri. In yana lotsawa kamar soso, da sauran iska. A gwada motar sannu, ba kaya, ba fasinja.

Abu na ƙarshe: in man yana raguwa, ƙari kaɗai ba magani ba ne. Ko takalman birki sun cinye, ko wani wuri yana yoyo. A nemo dalili.

Direbobi, gwangwanin man birki bai kai kuɗin taya guda ba. Masu shiga mota, ku ma kuna da baki. Kafin a tashi, ku tambayi direba yaushe ya leƙa tukunyar nan. Allah ya kai mu gida lafiya.